Jawabin mushen lakwal: Samarin Ingila da duwatsu goma



Ga labarin da kunka tambaye ni. Can Ingila, a dajin Dartmoor, tun 1960 ake wannan gasa, sojoji ke shirya ta. Yara shida-shida, ƴan shekara 14 zuwa 19, su hau duwatsu 10 cikin kwana 2. Ƙananansu su taka kilometir 56, manya 88. Abinci da tanti suna bisa bayansu, taswira ce jagora, babu babba tare da su. Wannan shi ya hi ba ni mamaki.

Amma akwai hatsari. A 2007 ruwa ya ci wata yarinya mai shekara 14 wajen horo, garin ƙetare rahi. Shekaran nan kuma an tsai da gasar tana tsaka, don ruwan sama ya yi yawa.