Abin Da Na Koya Daga Sassaƙa Ƙananan Jiragen Ruwa





Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa an ba ni minti 20 in yi magana a wannan taro, na zaci a kan aikin gwamnati ake so in ce wani abu. Da na karanta zuwa ƙasa sai na ga an rubuta wai in yi bayani a kan "jiragen nan nawa". Nan take na gane 'yan ajinmu ne suka kitsa abin, domin su ne suka laƙaba mini Sarkin Ruwa, alhali kuwa garinmu ko rafin kirki babu, kuma har yau da nake tsaye gabanku ban iya iyo ba. To, tunda an tsokano ni, sai a yi haƙuri a saurare ni. Jirage biyun da kuke gani a kan teburin nan su ne shaiduna, kuma a ƙarshe ina da roƙo.

Aikin da nake yi a lokacin hutuna shi ne sassaƙa ƙananan jiragen ruwa na katako, waɗanda ake kwaikwayo daga jirgi na gaske bisa awo. Abin da ya raba su da jirgin wasan yara shi ne awon. Idan na ce na yi jirgi a kan awon 1 bisa 20, ma'ana kowane santimita 20 na babban jirgin ya koma santimita 1 a nawa, a tsawo da faɗi da zurfi, har da kaurin katakon. Ba a yarda a ƙara ko a rage don ya yi kyau a ido ba.

Asalin abin daga makarantar nan ne. Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna ɗakin koyon aikin katako da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, da kuma malaminmu, wanda nake farin cikin ganinsa zaune a sahun gaba yau. Ya sa mu haɗa ƙaramin akwati, na kawo nawa ina taƙama, ya ɗora shi a kan tebur ya taɓa gefe guda da yatsa, akwati ya yi ta rawa. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai miƙo mini rula ya ce in je in nemo inda na yi wa katako ƙarya. Sau uku ina warware akwatin nan. A lokacin na ji haushi ƙwarai, Malam, yau kuwa na zo in yi godiya.

Bayan jami'a da hidimar ƙasa na kama aiki, na manta da zarto. Rayuwata ta zama daga ofis sai majalisa, daga majalisa sai latsa waya har tsakar dare. Ana nan sai aiki ya kai ni Damaturu, inda wani abokin aiki ya ba ni labarin kwale-kwalen Dufuna, wanda da kunya nake cewa ban taɓa jin sa ba duk da digirin da nake da shi. A shekarar 1987 ne wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin kogin Komadugu Gana, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tone wurin, sai ga kwale-kwale da aka fafe daga gungumen itace guda, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, kaurin jikinsa kamar santimita 5. Da aka gwada shekarunsa aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya baki ɗaya.

Da na koma gida na nemi hotunansa da awonsa, na ce bari in gwada yin irinsa. A awon 1 bisa 20, tsawon ya zama santimita 42, faɗi santimita 2 da rabi, kauri kuwa milimita 2 da rabi kacal. Na samo guntun maɗaci wajen wani kafinta a unguwarmu, tunda masana sun ce asalin jirgin daga dangin wannan itace aka yi shi. Na farko ya tsage a hannuna. Na biyu kurfi ya huda gindinsa. Na uku na kusa gamawa ya faɗi daga kan benci. Sai a na huɗu na fahimci cewa dole in bi yadda jijiyar itacen ta kwanta, in riƙa cire kaɗan-kaɗan ina ɗaga shi ga hasken fitila don in ga inda ya yi siriri. Wata uku ya ci mini, ga shi nan a hannun dama. Ina da kurfin ƙarfe, da reza, da samfefa, da lantarki in an kawo. Wanda ya yi na ainihin ya yi nasa ne dubban shekaru kafin ɗan Adam ya san narka ƙarfe. Tun daga lokacin na daina yi wa mutanen da kallon marasa ilmi.

Na biyun, wanda ke hannun hagu, jirgin fito ne na katakai irin wanda ake gani a kogin Kwara. Shi na fara yin sa ne daga hotuna kawai, na yi masa fenti, na ga babu kamarsa. Da na sami hutun shekara sai na tafi Yawuri da shi a cikin kwali, na nemi masu haɗa jirage a bakin kogi. Aka kai ni wurin wani dattijo, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya juya shi sama da ƙasa, ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, kai ka yi wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Hannunka yana da kyau, amma kada ka ɗauki kowa a ciki. Gindinsa ya tsuke, bakinsa ya yi tsawo. Kifewa zai yi." Ya sa aka kawo ruwa a baho, ya ɗora 'yan tsakuwoyi a ciki, kafin in ƙifta ido jirgina ya juya ciki sama. Yaran wurin suka yi ta dariya.

Kwana huɗu na yi ina zuwa wurinsa. Ba shi da zane ko takarda. Da igiya da kamu da taƙi yake awo, sauran duk a kansa suke. Ya nuna mini yadda ake fara shimfiɗa katakan gindi, yadda ake lanƙwasa na gefe a hankali, da yadda ake cusa tsumma a tsakanin katakai a bi da kwalta don kada ruwa ya shiga. Ni kuma ina bin sa da tef da littafi ina rubutawa. Ranar da zan tafi ya gaya mini cewa cikin 'ya'yansa babu wanda ya tsaya ya koya, duk sun kama wasu sana'o'in. Jirgin nan da kuke gani, mai tsawon santimita 50, kwaikwayo ne na jirginsa mai mita 10, kuma duk awon da ke jikinsa daga bakin dattijon nan ya fito. In Allah ya yi masa rasuwa ba tare da magaji ba, ina tsoron abin da zai rage na iliminsa shi ne littafina da wannan ɗan katako.

Wani zai ce, to, ban da ajiye tarihi, mene ne amfaninsa? A nan ne zan roƙi malamanmu na lissafi da kimiyya su gyara mini in na yi kuskure. Idan aka rage tsawo da faɗi da zurfi kowanne sau 20, to nauyin da jirgi zai ɗauka ya ragu sau 20 sau 20 sau 20, wato sau 8,000. Saboda haka mutum mai kilo 60 zai zama giram 7 da rabi, buhun masara mai kilo 100 kuma giram 12 da rabi. Jirgi kuwa yana nitsewa ne cikin ruwa daidai gwargwadon nauyin ruwan da ya ture, kamar yadda aka koya mana a darasin Arkimidis muna gyangyaɗi. Ba ni na ƙago gwaji da ƙaramin jirgi ba. Tun a farkon shekarun 1870 wani injiniya a Ingila, William Froude, ya gina doguwar kwatarniyar ruwa yana jan ƙananan samfurori a ciki don ya san yadda manyan jirage za su kasance, kuma masu ƙera jirage sun ci gaba da bin wannan hanya.

Dukkanmu mun tuna abin da ya faru a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 a Bagwai ta Jihar Kano, lokacin da jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara ɗaliban Islamiyya. A watan Mayu na 2021 ɗin ma an yi wani babban haɗarin a yankin Wara ta Jihar Kebbi. Allah ya jiƙansu da rahama. A makon da abin Bagwai ya faru, ɗiyata ta tambaye ni me ke sa jirgi ya kife alhali katako ba ya nitsewa. Maimakon in yi mata dogon bayani, na cika baho da ruwa, na tara notina na ƙarfe da na auna a sikeli, kowanne ya yi daidai da nauyin mutum ɗaya, na kira ta da yaran maƙwabta.

Da muka sa noti 20, jirgi ya zauna daram, tsakanin bakinsa da ruwa akwai kusan santimita 2. Da muka kai 50 bai nitse ba, amma abin da ya rage bai kai santimita 1 ba, wato a babban jirgi bai kai taƙi guda ba. Na kaɗa ruwan da yatsa, sai ga shi yana tsallakowa ciki. Muka sake, wannan karon na ɗora notinan a kan ɗan katako don su yi sama, kamar mutane sun miƙe tsaye, jirgi ya fara tangaɗi. Na tura kaɗan daga cikinsu gefe guda, ya kife. Sannan muka zuba cokali biyu na ruwa a cikinsa, yaran suka gani da idonsu yadda ruwan ciki ke gudu zuwa duk gefen da ya karkata yana ƙara danne shi. Cikin rabin sa'a yara 'yan firamare sun fahimci abubuwa huɗu: kada a cika lodi, kada a miƙe tsaye, kada a taru a gefe guda, kuma a kwashe ruwan da ya shiga tun yana kaɗan. Na ƙara musu da na biyar, wanda baho ba zai nuna ba, wato rigar kariya. Da yawa daga cikin ɗaliban makarantar nan daga garuruwan bakin ruwa suke zuwa, wasunsu kuma gobe su ne za su zama jami'an da ke kula da mashigai.

Ga wanda ke sha'awar farawa, kayan ba su da yawa: ƙaramin zarto, kurfi, reza, samfefa, rular ƙarfe, fensir, gam ɗin katako da fenti mai hana ruwa. Katako kuwa ragowar da kafinta ke zubarwa ya isa. A fara da mai taushi irin su malaina kafin a je ga maɗaci, kuma a tabbata ya bushe sarai, in ba haka ba zai karkace bayan an gama. A zana jirgin a takarda ta sama da ta gefe kafin a taɓa itace. A riƙa yanka ana nesanta wuƙa daga jiki. Tabon da ke babban yatsana shi ne kuɗin makarantar da na biya. Ni awa ɗaya nake ba shi bayan sallar isha'i, da kuma safiyar Asabar. Uwargida da farko ta yi ƙorafin ƙura, daga baya ta ce gara ƙurar da zaman majalisa. Ko a ofis na ga canji, domin wanda ya saba warware aikin wata guda saboda kuskuren milimita ɗaya ba ya saurin sa hannu a takardar da bai karanta ba.

Yanzu ga roƙona. Da safen nan kafin a fara taro na zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ɗakin aikin katako yana nan, amma a kulle, rufin ya yaye ta gefe guda, na leƙa ta taga na ga bencinan da muka yi aiki a kansu gara ta fara ci. Ban faɗi haka don in zargi kowa ba, na san nauyin da ke kan hukumar makaranta. Amma mu da muka ci moriyar ɗakin nan, bai kamata mu yada kwauren ganga ba. Ina roƙon ƙungiya ta sa gyaransa cikin ayyukan bana: a gyara rufi, a sayi kayan aiki ko da na ɗalibai 20 ne, a nemi izinin Shugaban Makaranta a kafa ƙungiyar masu aikin hannu. Ni a nawa ɓangaren na yi alkawarin zuwa Asabar ɗaya a kowane wata in zauna da ɗalibai, in Allah ya yarda, kuma jiragen nan biyu na bar wa makaranta daga yau, tare da kwafin littafin awon da na rubuto a Yawuri. Idan Malam zai daure ya riƙa leƙo mu, to, ya zo da rularsa, domin na tabbata har yanzu zai sami inda na yi wa katako ƙarya.

Mai girma Shugaba, na ga Sakatare yana duban agogo.  Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da cikinmu, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.