Shatan Zamanin Kaset

(Jawabin da aka gabatar a daren adabi na ƙungiyar ɗalibai)



Da aka aiko mini takardar gayyata aka ce in yi magana a kan Alhaji Mamman Shata, na san abin da ake tsammani daga gare ni. Ana so in faro daga Musawa, inda aka haife shi a 1923, in bi ta kan tallan goro da alewa, in zo kan faya-fayan garmaho, sa'an nan in yi ta juyayin cewa an yi an gama. To, sai dai ku yi mini gafara, ba wannan hanya zan bi ba. Na zo ne in yi gardama da waɗansu abokaina masana Shata, waɗanda ke cewa Shata na gaskiya shi ne na ƙuruciya, na garmaho, wai abin da ya biyo baya duk maimaici ne da roƙon attajirai. Ni kuwa ina ganin waƙoƙin da ya yi daga wajen 1975 har zuwa ciwon ajalinsa, watau daga yana da shekara hamsin da 'yan kai, su ne amfanin gonar. Na farkon yabanya ce, kyakkyawa ƙwarai, amma ba a cika rumbu da yabanya.

Kafin in kawo hujja ya kamata ku san inda kunnena ya tashi. Ni mutumin karkarar Dambatta ne. Wanda ya san wannan yanki, daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Makoɗa, ya san ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gida na kallon gida, gona na jingine da gona, babu saura babu daji. A ƙauyenmu garmaho ɗaya na sani, a gidan dagaci, kuma ba kullum ake fito da shi ba, domin allura tana da wuyar samu. Sauran jama'a sai dai su jira Rediyon Kaduna ta sako abin da ta ga dama. Aka yi farin 1973, sa'an nan cuta ta kashe gyaɗa a 1975, samari suka yi ta fita ci-rani. A wannan shekara ce kuma ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji. Kawuna, malamin firamare, da nasa rabon ya sayo keke da rikoda mai cin batir. 'Yan ci-rani su ma da suka fara dawowa gab da damina, kowa da tasa a rataye. Daga ranar Shata ya bar gidan dagaci ya shiga gona, aka rataye shi a reshen gawo ana noman firi.

To, ga hujjata ta farko, kuma ba ta bukatar wani dogon ilmi. Faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, abin da fuska ɗaya take ɗauka bai wuce kamar minti 3 ba. Ku yi tunanin mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a gaban jama'a, a kai shi ɗaki a ce ya faɗi abin da zai faɗa cikin minti 3. Dole ya yi sauri, dole ya datse. Wannan zafi da hanzari da abokaina suke yabawa a tsofaffin faya-fayai, rabinsa na ƙuruciya ne, na yarda, amma rabinsa na faifai ne. Daga baya an yi manyan faya-fayai masu juyi 33 da suke ɗaukar kamar minti 20, sai dai waɗannan na 'yan birni ne masu lantarki. Kaset kuwa, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, fuska ɗaya tana cin minti 30 ko 45, kuma kowa yana iya ɗaukar sauti da kansa. A kaset ne mutumin da bai taɓa zuwa wurin wasa ba ya fara jin yadda Shata yake aiki: yadda yake barin kalangai su yi ta tafiya shi yana shiru, yadda yake jefa magana ɗaya ya bar 'yan amshi su riƙe masa ita, ya tafi yawo wani gari a cikin waƙa, ya gai da wane, ya yi wa wane zambo, sa'an nan ya komo daidai inda ya bari kamar bai je ko'ina ba. Wannan gwaninta ba ta shiga minti 3.

Sai maganar murya. Babu wanda zai yi musun cewa muryar Shata ta sauya. Ta yi nauyi, ta yi ƙasa, wani lokaci har da ɗan kaushi. Abokaina suna kiran wannan gajiya. Ni abin da nake ji daban ne. Mawaƙi yaro yana tsoron shiru, yana cika kowane gurbi da magana don kada a ce ya ƙare. Shatan ƙarshe ba ya tsoron kowa. Yakan yi jinkiri har ka ce kiɗan ya wuce shi, sai ya sauke kalma uku ko huɗu a kan gaɓa, makaɗa su matse tsarkiya su amsa masa. Na sha ganin dattawa a inuwar kuka, waɗanda ba su damu da kiɗa ba, sun dakata da saƙar igiya a irin wannan wuri suna girgiza kai. Ba sabuwar magana ya faɗa ba. Lokacin da ya zaɓa ya faɗe ta shi ne abin.

Wanda yake son ya gwada wannan da kunnensa, ga hanya mai sauƙi. Bakandamiya, waƙar da Shata yake yi wa kansa kirari a ciki, ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma ba ya rera ta iri ɗaya, domin shi ba mai zama ya tsara waƙa a haddace ba ne. Ku nemi ɗauka biyu, ta farko-farko da ta shekarun tsufa, ku saurara a jere. A ta farko za ku ji mutum yana neman wuri a tsakanin mawaƙa, yana ture kafaɗa. A ta baya za ku ji wanda ya riga ya zauna, yana lissafin inda ya je da abin da ya gani da waɗanda ya binne. Kirarin ɗaya ne, amma mai yin sa ya san yanzu abin da kowace kalma ta ci masa.

A nan ne nake so in taɓa zargin maimaici, domin shi ya fi yawa a bakin matasa. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar da gona ba ta hutawa. Gonar da kakana ya noma ita ubana ya noma, gero da dawa da wake, shekara da shekaru, ba a taɓa barinta ta yi saura ba. Baƙo yana iya cewa ai abu ɗaya kuke ta yi. Amma mu mun san mangala nawa ta taki jaki ya kai mata da rani, mun san bara ba bana ba ce. Haka Shata yake da 'yan gonakinsa: kirarin kai, yabon mai kyauta, zambon marowaci, tuna mutuwa, tsayawa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai sake gona ba, taki ya yi ta zubawa.

Ba zan tsaya a gabanku in ce duk abin da ya fito a kaset zinariya ne ba. Akwai waɗanda, in an faɗi gaskiya, jerin sunaye ne da lissafin kyauta, an ɗauka a gidan biki rikoda tana nesa, hayaniyar mata ta fi kiɗan ƙarfi. Zamanin kuɗin mai ya haifi masu kuɗin dare ɗaya, kowa yana so a ambace shi, kuma Shata bai taɓa ɓoye cewa waƙa sana'arsa ce ba. Siyasa ma ta ci masa lokaci, har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku. Amma masu cewa a tsufa ne ya koma yabon masu hannu da shuni sun manta cewa tun asali direbobi da 'yan kasuwa da dogarai yake wa waƙa tare da sarakuna. Mu nan arewacin Kano muna da tamu shaida, waƙar Habu na Habu ta Garba Bichi, wadda har yau in an sako ta a tasha sai ka ga mutanen Bichi sun gyara zama. Mutumin da ya ɗauki kalangu, kiɗan mahauta da na 'yan mata a dandali, ya kai shi fadar Daura gaban Sarki Muhammadu Bashar, ba a tsufa ya koyi haɗa talaka da basarake a waƙa ɗaya ba.

Jami'a ma ba Shatan garmaho kaɗai ta gani ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, daidai farkon lokacin da nake magana a kai. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1988 ta ba shi digirin girmamawa, yana da shekara 65, yana tsakiyar waɗannan waƙoƙi da ake rainawa.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na zaɓi wannan magana, domin ba gardama kawai ta kawo ni ba. Shata ya rasu a asibiti a Kano a watan Yuni na 1999, aka binne shi a Daura, can gaba a kan hanyar da ta ratsa garinmu. Tsofaffin faya-fayansa suna da masu kula da su, gidajen rediyo da masu tara kayan tarihi, kuma an yi babban littafi a kan rayuwarsa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Amma waƙoƙin baya da yawa ba a ɗakin ɗaukar sauti aka yi su ba. Wani ne ya ajiye rikodarsa a gaban makaɗa ranar bikin ƙanensa, ko ranar naɗin sarauta, ya koma gida da kaset ɗaya tak a duniya. Wana, Allah ya jiƙansa, yana da kwali guda na irin waɗannan. Shi ne ya koya mini shanya batir a rana don ya ƙara kwana, da mai da kaset baya da biro, da liƙe zaren da ya tsinke da jan farce. Bayan rasuwarsa na je ɗauko kwalin a kan rufin ɗaki, na tarar zafi da ƙura da gara sun riga ni. Uku kawai suka yi magana. Abin da ke cikin sauran, ban san wani wuri da za a sake samunsa ba.

Waɗanda suka tsira suka shiga wayoyinku ma, dubi yadda suke: babu shekara, babu wuri, sau da yawa sunan da aka liƙa musu ba nasu ba ne, an yanke kai an yanke gindi. Mutanen da za su iya cewa wannan a gidan wane aka yi ta, shekarar kaza, bayan girbi, su ne tsofaffin da kuke wucewa a zaure in kun je hutu. Saboda haka roƙona gare ku, musamman 'yan Dambatta da Bichi da Kunci da Tsanyawa da ke cikin wannan zaure, in kun koma gida ku tambayi baba ko kawu ina tsohon kwalin kaset. Kada ku saka shi a rikodar da ta daɗe a ajiye, za ta cinye zaren. Ku kawo wa wanda ya iya juyawa. Kafin nan kuwa ku zauna da mai shi da takarda da alƙalami, ku rubuta wuri da shekara da wanda aka yi wa, ko da abin da zai iya tunawa bai wuce cewa lokacin Shagari ne ba.

Ɗaya daga cikin ukun nan na wana yana aljihuna, an juye mini shi a waya. A bayansa ya rubuta 1986 da hannunsa, bai rubuta gari ba. Shugaba, in ka yarda a ba ni minti 10 daga lokacin tambayoyi, zan kunna. Farkon akwai ƙara, ku yi haƙuri da ita. Wajen minti na 4 za ku ji ya yi shiru, kalangai suna tafiya su kaɗai. Ina roƙon kada kowa ya yi magana a wurin.