Sakamakon Rashin Biyayya ga Allah a Koyarwar Littafi Mai Tsarki



Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ba cewa saɓa wa umarnin Allah yana da sakamako. Sura ta 28 ta Maimaitawar Shari'a tana da ayoyi 68. Guda 14 na farko ne kawai suke maganar albarkar biyayya, sauran duk gargaɗi ne: fari, cuta, yunwa da bauta a ƙasar baƙi. Sarki Saul ya yi rabin abin da aka umarce shi, ya bar Agag da dabbobi masu ƙiba da rai, sarauta ta kuɓuce wa gidansa. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin, daga nan rikici bai rabu da 'ya'yansa ba. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta rushe Urushalima bayan Irmiya ya shafe shekaru yana jan kunne.

Amma ku duba irin laifin da annabawa suka fi tsanantawa a kai. Iliya ya tunkari Ahab saboda gonar inabin Nabot da aka ƙwace da shaidar zur. Amos ya yi kuka da 'yan kasuwa masu rage mudu, masu ha'incin ma'auni, masu haɗa hatsi da ƙaiƙayi su sayar wa talaka. Duk mai shiga kasuwar Jimeta ya san mudun da aka buga wa gindi don ya rage ci. Irin wannan rashin biyayya yana ɗauke da hukuncinsa a cikinsa, domin garin da aka daina yarda da ma'auninsa da alƙalinsa ya fara rushewa tun kafin maƙiyi ya iso ƙofa.

Wani zai ce: ashe ke nan duk wanda masifa ta samu, zunubinsa ne ya ja masa? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a garin nan na Yola. A watan Oktoba na 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, hedikwatar cocin EYN da ke Kwarhi ma aka mamaye ta, dubban mutane daga Madagali da Michika suka kwararo Yola, da yawa suka fake a majami'ar St. Theresa. Shin sun fi mu zunubi? Littafin da kansa ya ce a'a. Abokan Ayuba uku sun dage cewa laifinsa ne ya jawo masa wahala, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa. A Luka 13 Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, sai ya juya ya kira masu sauraronsa su tuba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani kuma zai ce ga azzalumai nan suna ta bunƙasa, ina hukuncin? Jinkiri dama ce ta tuba. Nineba ta ji wa'azin Yunusa ta juyo, aka ɗage mata halaka. Zakka ya yi alkawarin mayar da abin da ya zalunta ninki huɗu, a ranar ceto ya shiga gidansa.

Saboda haka gargaɗin nan namu ne, mu da muke zaune a wannan zaure. Mai mudu ya gyara mudunsa. Wanda ya ci gonar maraya ya mayar tun yana da rai. Mai wa'azi kuma ya ji tsoron ɗora wa wanda aka kora daga gidansa laifin da Allah bai ɗora masa ba.