Ƙwayoyin Bitamin Da Kuɗin Hatsinmu

'Yan'uwa, idan muka shiga Babbar Kasuwa ta Katsina, mukan ji masu tallan ƙwayoyin bitamin, wai suna hana tsufa da ciwo. Mu da muka haura arba'in suka fi nema.

A Faransa, daga 1994 zuwa 2002, an gwada irinsu a kan mutane 13,000. Ciwon zuciya bai ragu ba. Ciwon daji ya ragu ga maza kawai. A ƙasar Finlan kuwa, dajin huhu ƙaruwa ya yi ga mashaya taba da aka ba ƙwayar beta-karotin.

Kuɗin da muka sha wahalar samu, gara mu sayi zogale, alayyahu, wake da mangwaro. Amma mai juna biyu kada ta daina shan wadda aka ba ta a asibiti.