Shukar Gida ko Shukar Ɗaki? Nazari a kan Fassarar Kalma Guda



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata kalmar Ingilishi, watau "houseplant", da irin tarkon da take ɗana wa mai fassara. Kalmar haɗi ce ta "gida" da "tsiro". Amma abin da Bature yake nufi da ita shi ne tsiron da ake renonsa a tukunya a cikin ɗaki, galibi domin ado.

Dalilin samuwar wannan al'ada kuwa shi ne sanyi. Yawancin waɗannan tsire-tsire asalinsu daga ƙasashe masu zafi ne, hunturun Ingila kuma yakan kashe su muddin aka bar su a waje. A shekarar 1829 wani likitan Landan, Nathaniel Ward, ya gano cewa tsiro yakan rayu a cikin rufaffen gilashi. Da irin akwatinsa aka riƙa ɗaukar tsire-tsire a jirgin ruwa zuwa Turai ba tare da sun mutu ba. Har moda, wadda maharba suke murza tsirkiyar baka da zarenta, danginta sun zama abin ƙawa a falon Turawa.

To, idan mai fassara ya yi garaje ya ce "shukar gida", lalle ya ɓatar da mai karatu. Gida a wurin Bahaushe ya haɗa da zaure da tsakar gida da bayan ɗaki. Saboda haka abin da zai zo masa a rai shi ne zogale da lalle da gwanda, waɗanda ake shukawa don ci, ko ƙunshi, ko magani.

A bakin jama'a kuwa, musamman a birane, "fulawa" ake cewa, ko da tsiron ba ya yin fure. Ita ma tana da nata cikas, domin da wannan suna ake kiran garin alkama.

Abin da ya fi dacewa a rubuce shi ne "shukar ado ta cikin ɗaki". Ta yi ɗan tsawo, amma ta faɗi wurin, ta kuma faɗi amfanin. Ashe kenan wajibi ne mai fassara ya san yadda mutane suke zaune a gidajensu kafin ya buɗe ƙamus.

Allah ya sa a amfana. Wassalam.