WANKE KUBEN DOKI

Jawabin da editanmu ya yi wa ɗaliban ajin manya da masu dawaki na ƙasar Ƙaraye da Rogo.

Maganar da na zo da ita yau tana da nauyi a baki, sai ku gafarce ni. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ƙasarmu ƙasar dawaki ce. Tun shekarar 2024 Ƙaraye da Rogo ne suka haɗu a masarauta ɗaya, kuma kowa ya san yadda ake fito da dawaki ranar hawan salla. A cikin watan Disamba na wannan shekarar ta 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Akwai kuma dokin da ba ya zuwa hawa, wanda ke juya injin matsar rake lokacin mazarƙwaila. Shi wannan idan ya kwanta kwana uku, rake ya bushe, mai gida ya yi hasara.

Muna wanke doki, mu taje masa geza, mu ba shi dusa da harawa da kanwa. Amma akwai wuri ɗaya da hannunmu ba ya zuwa. Shi ne kube, wato jakar fatar nan da gaban doki ke shigewa ciki.

A cikin kuben nan jiki yana fitar da wani maiƙo. Maiƙon yana haɗuwa da ƙura da matacciyar fata, ya zama baƙar dauɗa mai wari. Kaɗan daga cikinta ba laifi ba ne, haka Allah ya halicce shi. Matsalar tana can kan gaban, daidai ƙofar fitsari. A nan akwai wani ɗan rami kamar aljihu. Dauɗa tana taruwa a ciki ta daskare. Turawa masu dawaki suna kiranta wake, don da farko girman ƙwayar wake take. Idan aka bar ta shekara da shekaru tana iya kai girman goro, ta matse hanyar fitsari.

Dokin da aka dandaƙe ya fi samun wannan, don ba ya yawan fito da gabansa waje. Mu nan ingarma ya fi yawa, na sani. Amma shi ma ingarman da ke ɗaure a turke kullum, a cikin ƙura, yana bukatar a duba shi.

Ina yaro, wani baffana yana da doki. Sai dokin ya fara goga wutsiya a bango, fitsarinsa yana fita a warwatse. Aka ce sammu ne. Aka yi hayaƙi, aka yi ta ɗura masa jiƙo, har aka fara maganar sayar da shi a arha. Wani tsohon ɗan barga ya zo wucewa. Ya nemi ruwan ɗumi a ƙwarya, ya sa yatsa ya ciro wani dunƙule kamar tsakuwa. Kafin magariba doki ya yi fitsari sosai. Baffana ya fi wata yana jin kunyar kuɗin da ya kashe.

Ga yadda ake yi. Ka bari sai doki ya dawo aiki ya gaji, lokacin nan ya fi sakin jiki. Ka yanke farcenka. Ka sa safar hannu ta roba, in babu ka ɗaura leda mai tsabta. Ka sami mutum ɗaya ya riƙe masa ragama. Kai kuma ka tsaya kusa da kafaɗarsa, jikinka na taɓa nasa, kana duban wutsiya. Kada ka tsaya a bayansa, kada ka sa kanka ƙarƙashin cikinsa. Doki yana iya kai shuri gaba da ƙafar baya.

Ka fara shafa cikinsa a hankali har ya saba da hannunka. Sannan ka jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi ka shigar cikin kube. Ka bar dauɗa ta jiƙa, kada ka kankare ta da ƙarfi. Idan ya saki gabansa, ka riƙe a hankali, ban da fizga. Ka laluba ɗan ramin nan da yatsa, ka turo waken waje. Daga nan ka ɗauraye da ruwa mai yawa.

Ruwa kaɗai ya isa. In lallai sai ka sa sabulu, ka sa mara ƙarfi irin na wankan jarirai, kuma kada ka bar kumfa ko kaɗan a ciki. Ban da Omo, ban da Dettol, ban da kananzir ko baƙin man mota. Waɗannan suna ƙona fatar wurin.

Sau ɗaya ko sau biyu a shekara ya isa. Yawan wankewa ma illa ne, don yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kare fatar. Ni ina ganin a yi gab da damina, kafin ƙuda ya yi yawa, a kuma sake bayan kaka.

Amfani mafi girma shi ne idonka zai ga wurin. Da damina ƙuda yana ajiye 'ya'yan tsutsa a kan fata mai laima, su zama gyambon da ba ya jin magani. Tsohon doki mai farar fata a wurin, kamar gunya, yana iya fitar da ƙari, wani lokaci ciwon daji ne. Akwai kuma cutar da doki ke ɗauka wajen baye, wadda ke fara da kumburin kube. Idan ka ga kumburi haka, kada ka bari ya hau goɗiyar kowa.

Duk wanda ya ga gyambo, ko ƙari, ko jini, ko kumburin da bai sace ba, ya je ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukumarsa. Haka nan dokin da ya ƙi yarda a taɓa shi. Kada a yi kokawa da shi. Malamin dabbobi yana da allurar da ke sa doki ya natsu ya saki gabansa.

Abu na ƙarshe. Idan doki yana miƙewa kamar zai yi fitsari, yana waiwayen cikinsa, yana birgima yana gumi, yawanci ba kube ba ne. Ciwon ciki ne, kuma yana kashe doki cikin yini ɗaya. A ɗauke abinci daga gabansa, a tura yaro kan babur ya kira malamin dabbobi nan take.

Wanda ke da tambaya bismilla.