Ganuwa, Daji Da Kasuwa: Tarihin Ƙasarmu Da Nauyin Da Ke Wuyanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



An nemi mu ce wani abu a kan tarihin ƙasarmu ta Batsari da Safana. Za mu taƙaita a kan abubuwa uku da suka gina ta, wato ganuwa da daji da kasuwa, sannan mu faɗi abin da muke ganin ya wajaba a kanmu, mu da neman abinci ya kai mu birane.

Ganuwa

Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama Sarki, zuriyar tsofaffin sarakuna ta yi arewa, daga baya ta kafa mulkinta a Maraɗi. Tun daga lokacin yammacin Katsina ya zama bakin daga. Mayaƙan Maraɗi da na Gobir sukan ratso ta daji su kawo hari, saboda haka duk garin da ke son ya kwana lafiya sai ya kewaye kansa da ganuwa da gwalalo. Ruma tana cikin garuruwan da suka tsaya wa masarautar Katsina a wannan fuska, kuma har gobe in aka ambace ta sai a tuna da jarumi Ɗanwaire. Shi ya sa Hakimin Batsari yake riƙe da sarautar Sarkin Ruma, kamar yadda Hakimin Safana yake riƙe da ta Yariman Katsina.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zai tafi Sakkwato. Ya biyo ta Kuraye da Kurfi, ya sauka a Zakka, daga nan ayarinsu ya shiga daji cikin fargaba har suka ɓulla ƙasar Zurmi. Ashe tun fiye da shekara 160 da suka wuce sunan Zakka ya shiga littafin da aka buga a Turai. To, yaranmu nawa da ke Abuja ko Legas suka san da haka?

Daji

Dajin Rugu, wanda ya haɗa mu da Jibiya da Ɗanmusa da ƙasar Zamfara, yau ba a ambatonsa sai da neman tsari. Amma iyayenmu sun san shi da wata fuska. Daga cikinsa ake samo zuma da itace da saiwoyin magani, mafarauta suna shiga, makiyaya suna kiwo. Bayan zuwan Turawa a 1903 yaƙe-yaƙe suka lafa, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka kafa ƙauyuka da gonaki. A shekarun 1960 aka keɓe makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, kuma a 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare makiyayu. A wancan zamani Bafulatani kan sauka a gonar Bahaushe bayan an kwashe amfani, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Da jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali, madatsun ruwa suka cike ba a yashe ba, sai wannan zama ya fara tsami.

Kasuwa

Inda manomi da makiyayi suke haɗuwa shi ne kasuwa. Duk ranar Alhamis Batsari takan cika ta batse. Ga rogo da dankali da aka san ƙasarmu da su, ga gero da dawa da wake, ga kara cike da dabbobi, ga nono da man shanu, ga fatake daga Katsina da Jibiya har da na ƙetaren iyaka. A nan ake jin labarin haihuwa da rasuwa, a nan ake ƙulla aure, a nan ake ba da bashi da baki kawai, a biya mako mai zuwa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 200,000 a Ƙaramar Hukumar Batsari, da fiye da 180,000 a ta Safana, kuma akasarinsu da noma da kiwo da cin kasuwa suke riƙe da gidajensu.

Abin da ya same mu

Ba sai mun tsawaita ba, domin babu gidan da abin bai taɓa ba. Satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da satar mutane. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A 2021 gwamnati ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. A 2023 aka kafa rundunar tsaro ta sa-kai ta jiha, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a yankinmu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Sai dai akwai wata asara da ba a lissafa ta. Tarihinmu bai cika zama a takarda ba, yana cikin kawunan dattawa ne. Dattijon da ya san wanda ya sari garinsu, ya san kukar da ta raba gonar wane da ta wane, ya san inda burtali ya bi, gudun hijira ya kai shi ɗakin haya a Katsina ko Dutsin-ma. In ya rasu a can, da iliminsa za a rufe shi. Ranar da jama'a suka koma kufansu, wa zai nuna iyaka? Rigimar gona da ta burtali tana cikin abin da ya jefa mu wannan hali. In muka bar shaidun suka ƙare, mun ajiye wa jikokinmu wata sabuwa.

Darasi daga nesa

A yankin Wales na Birtaniya akwai wani ɗan gari mai suna Hay-on-Wye, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba. Shi ma garin bakin iyaka ne, ya sha yaƙi tsakanin Wales da Ingila, kuma shi ma ranar Alhamis kasuwarsa take ci. Mutanensa sun gyara tsohon gidan sarautarsu, sun riƙe kasuwarsu, kuma tun 1988 suke yin bikin littattafai da ke jawo baƙi daga ko'ina. Ba su fi mu tarihi ba. Sun rubuta nasu ne, sun adana.

Shawarwari

Na farko, kowane reshe na wannan ƙungiya ya ɗauki nauyin ɗalibai biyu ko uku a lokacin hutu, su zauna da dattawa maza da mata, Hausawa da Fulani, su naɗi muryarsu da waya. A fara da waɗanda suka fi tsufa da waɗanda ke gudun hijira.

Na biyu, a rubuta sunan kowane ƙauye da kufai da rijiya da burtali, tare da sa hannun dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo.

Na uku, a ɗauki hoton abin da ya rage na ganuwoyi da tsofaffin masallatai da maƙabartu, da kasuwa a ranar cinta.

Na huɗu, a tattara sunayen waɗanda muka rasa, gari-gari, don kada su zama adadi kawai.

Na biyar, a kai kwafin duk abin da aka tara Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, a kuma riƙa buga wani sashe a wannan mujalla kowace shekara.

Wannan aiki bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba, amma aji yana iya jiran baɗi, dattijo mai shekara 90 kuwa sai yadda Allah Ya yi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna roƙon shugabannin rassa su ba da sunayen ɗalibansu ga sakatare kafin a tashi daga wannan taro.

Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.